Kwana Uku a Kano da Ƙashin Dodo a Jaka

Kayan ɗaki ne suka kai ni Kano. Bikin 'yata saura wata biyu, kuma duk wadda ta taɓa aurar da 'ya ta san in ana son atamfa da leshi da zannuwan gado a farashin sari, Kantin Kwari ake dosa. Na nemi izini a makarantar da nake koyarwa a Sakkwato, na ja autana ɗan shekara tara saboda babu mai iyawa da shi in ba na nan, muka shiga mota ana idar da sallar asuba. Hanyar ba ta da labari sai zama: Talatar Mafara, Gusau, Funtuwa, Gwarzo. Sai da la'asar ta yi sanyi muka shigo ta Rijiyar Zaki, hazon hunturu ya yi mana fari fat kamar waɗanda suka kwana a injin niƙa.

A ƙasan jakata, ƙarƙashin tsarabar albasa da tafarnuwa, akwai wani dutse da na naɗe a tsohon ɗankwali. Bai wuce dunƙulen hannun yaro ba, ruwan ƙasa-ƙasa ne, amma nauyinsa ya fi girmansa. Marigayi babanmu ya tsinto shi a wani kwazazzabo a ƙasar Goronyo tun yana saurayi yana kiwo. Da shi yake danne warƙoƙin littafi in yana karatu a zaure iska na kaɗawa. Mu yara muna ce masa ƙashin dodo, shi kuma Baba ya ce ragowar ruwan Ɗufana ne. Da aka zo rabon gado babu wanda ya kalle shi, ni na ɗauka. A sallar da ta wuce na yi suɓul da baka na ambace shi a gaban ɗan yayana da ke karatun ilimin duwatsu a jami'a, tun daga nan bai bar ni na sha ruwa ba.

Daren da muka sauka a gidan Yaya, ɗan nasa ko hannu bai gama wankewa daga tuwo ba ya ce, "Gwaggo, ina alkawarina?" Ya kunna fitilar waya, ya yi ta juya dutsen yana shafa shi da babban yatsa. Auta ya rataye a kafaɗarsa.

"Yaya, na dainaso ne? Na kakan ƙadangare?"

"Tambaya biyu ka yi kana zaton ɗaya ce," in ji shi. "In idona bai yaudare ni ba, mai wannan ƙashi ɗan'uwan ƙadangare ne na jini. Amma ba dainaso ba ne. Shi kuma dainaso bai taɓa zama kakan ƙadangare ba."

Na ji kamar da ni yake. Shekara goma sha tara ina koyar da kimiyya a firamare, ban san sau nawa na rubuta "kakan ƙadangare" a allo a matsayin fassarar dainaso ba, wato dabbobin nan na can da da ake tono ƙasusuwansu, kuma haka nake jin ana faɗa a rediyo. Na ce to ya warware min. Ya ce a zaune ba za ta warwaru ba, in gama da Kwari da wuri in ba shi sauran yinin.

Kwari dai Kwari ce. Turereniya, 'yan dako suna "hanya, hanya", ciniki har maƙogwaro ya bushe. Kafin azahar na ɗaure dilata na bar ta a shagon wani abokin Yaya, muka hau adaidaita sahu zuwa Kurmi.

Kasuwar da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ba a shigarta da sauri. Lunguna ne da mutum biyu ba sa jerawa, ƙamshin turare da warin jima suna karo da juna. Ɗan yayana ya wuce da mu ta wajen masu jakunkunan fata da masu linzami da sirdi, har muka tsaya a rumfar wani dattijo mai sayar da kayan magani: busasshiyar hawainiya, ƙwaryar kunkuru, ƙahonni, fatar damo a shanye. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, ko akwai ƙashin bayan mesa?" Dattijon ya laluba wani kwando ya zaro su a tsire da zare kamar carbi.

Yaron ya ware gaɓa ɗaya ya ajiye a tafin hannuna na hagu, ya ɗora dutsen Baba a na dama. Shekara arba'in ina ganin dutsen nan, sai ranar na kalle shi. Gefensa ɗaya yana da rami kamar ƙoƙo, ɗaya gefen a mulmule kamar kan taɓarya. Gaɓar mesar ma haka take sak, sai dai ita ƙarama ce fara mara nauyi. Mulmulallen gefen wannan gaɓa yana zama a cikin ƙoƙon ta bayanta, shi ya sa maciji da guza suke lanƙwasa yadda suka ga dama. Har gurbin da haƙarƙari yake kamawa ya nuna min a jikin dutsen, wani ɗan tudu da na ɗauka lahani ne.

"Hajiya, ina kika samo uban wannan?" in ji dattijon, yana auna shi a hannu.

"Wanga? Gadon babana na."

"Au, Basakkwaciya ce! To macijin da ke da wannan ƙashi ai raƙumi zai haɗiye."

Nan ɗan yayana ya zauna a kan benci ya ba mu labarin, ni da dattijon da maƙwabtan rumfa biyu da suka matso. A da can teku ya ratso hamadar Sahara daga arewa, ya bi ta Mali da Nijar ya malalo har ƙasar Sakkwato. Ya zo ya koma ba sau ɗaya ba. Farar ƙasar Kalambaina da ake siminti da ita, mai cike da ƙwaryar dodon koɗi, shimfiɗar zuwansa na baya ce. A zuwan da ya yi kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, akwai wasu ƙadangaru da suka koma rayuwar ruwa gaba ɗaya, ƙafafunsu suka zama kamar filafilin kwalekwale, suna haihuwa a cikin ruwa amma suna tasowa shaƙar iska. Ana ce musu mosaso. A Holan aka fara tono su, kuma tun 1808 masanin Faransa Georges Cuvier ya ce dangin guza ne. A 1930 wani Bature mai suna Swinton ya yi bayanin ƙasusuwan irinsu daga lardin Sakkwato. Daga baya masu bincike daga Italiya suka zo suka samo ƙoƙon kai mai dogon baki kamar na kada, a 1972 suka raɗa wa dabbar suna Goronyosaurus nigeriensis.

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Garinmu Goronyo, inda nake zuwa gaida dangi in dawo da buhun albasa, ashe sunansa na rubuce a littattafan masana na duniya a jikin wata dabbar teku, ni kuma ina nan ina koya wa yara sunayen dabbobin Amurka.

Na tambaye shi yadda aka yi ya san ba na kada ba ne. Ya ce kadojin da aka tono a wannan shimfiɗar dutse, irin wanda aka sa wa suna Sokotosuchus, gaɓoɓinsu loɓawa kaɗan suke yi gaba da baya, ba su da kan taɓaryar nan. Dattijon dai bai bar sana'arsa ba. Ya ce in sayar masa, a ganinsa abin da ya shekara haka bai ruɓe ba, ba zai rasa amfani ga mai ciwon baya ba. Na mayar da kayana cikin ɗankwali. Mun sayi gaɓar mesar guda ɗaya don kada mu tashi haka nan.

Da la'asar yaron ya ce sai mun hau Dala. Na hau, amma da hutu uku da salati. Daga sama birnin ya baje cikin hazo, ga Goron Dutse can, ga hasumiyoyin masallatai, kiran sallah na tashi daga ko'ina ba a tare ba. Auta ya fara tonon ƙasa da tsinke wai shi ma zai samo nasa dodon. Yayansa ya ce ya huta. Jan dutsen da muke tsaye a kai marmara ce mai tama a ciki, ita maƙeran farko suka zauna suna narkawa a gindin dutsen nan tun wajen ƙarni na 7. A ƙarƙashinta kuma tsohon dutse ne da ya haura shekara miliyan 500, wanda zafin cikin ƙasa ya dafa. Irinsa ba ya ajiye ƙashi. Ƙashi sai inda laka ko yashi suka rufe gawa a hankali, a gindin teku ko bakin kogi. Wato duk tarihin Kano da yawansa, a wannan fanni sai ta ara daga Sakkwato da Agadas. Na ce masa wannan magana zan riƙe ta, akwai Kanawan da zan gaya wa.

Agadas ɗin kuwa a ƙofar gida muka same ta. Mai gadin layin su Yaya Ba'abzine ne daga wajen Ingal, kullum bayan isha yana dafa shayi a ɗan gawayinsa. Da aka nuna masa dutsen bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce a dajinsu akwai inda za ka ga ƙasusuwa a jere a kan yashi, kamar ayarin raƙuma ya durƙushe ya zama dutse. Tsofaffinsu suna danganta su da wata halitta da suke kira Jobar. Ɗan yayana ya ce ai sunan bai ɓata ba: wani ƙaton dainaso mai dogon wuya da aka tono a can an sa masa Jobaria a 1999.

Ya buɗe waya ya nuna mana hotuna biyu na kawunan da aka samo a Gadufawa, cikin hamadar Tenere, dukansu daga zamanin da wurin yake koguna da dausayi, kimanin shekara miliyan 110 baya. Kowanne da dogon baki siriri cike da haƙora. Ya ce auta ya zaɓi dainaso a ciki. Auta ya ce duka kadoji ne. Ni na ce duka dainaso ne. Duk mun faɗi.

Na farkon shi ne Sarcosuchus, wanda Faransawa biyu, France de Broin da Philippe Taquet, suka yi bayaninsa a 1966, daga baya Ba'amurke Paul Sereno ya samo ƙarin ƙasusuwansa a 1997 da 2000. Kansa kaɗai ya kai mita 1.6, tsayin mutum ke nan, da haƙora 132, ga wani kumburi a ƙarshen hancinsa kamar an kifa tukunya. Tsawon jikinsa an ƙiyasta tsakanin mita 9 da 12, a jera adaidaita huɗu. Shi dangin kada ne, reshen gidan da ya ƙare bai bar baya ba. Na biyun kuwa, Suchomimus, ma'anar sunan ma "mai kwaikwayon kada". Dainaso ne mai tafiya da ƙafa biyu, da farce kamar lauje a babban yatsa. Kifi ya haɗa su. Duk mai kamun kifi da baki a ruwa, dogon baki siriri ne ya fi yi masa aiki, sai sana'a ta sa suka yi kama, yadda ta sa na Goronyo ma ya yi kama da su alhali gidansu daban.

"Kama da wane ba ta wane," in ji Yaya daga kan tabarma, wanda na ɗauka barci yake.

Abin da ya fi ba ni mamaki a daren shi ne dangin kadan da ba su yi kama da kada ba. Mu mun saba da shi kwance a bakin ruwa kamar gungume, ashe gidansu ya taɓa yin yawa da iri-iri. A Nijar ɗin nan an tono wani mai faffaɗan baki kamar agwagwa, tsawonsa bai kai mita ɗaya ba. An tono wani mai dogayen ƙafafu da ke yawo a tudu kamar kare. A 2009 aka bayyana Kaprosuchus, mai haure zaƙo-zaƙo sama da ƙasa irin na gadu. Mai gadin ya ce ya taɓa aiki a Arlit, sai yaron ya ce to a kusa da can aka samo wata dabba da ta girme su duka, ko da yake ba dangin kada ba ce, Bunostegos, mai girman saniya da ƙulli-ƙulli a ka, mai cin ganye, wanda ya rayu ya mutu fiye da shekara miliyan 250 da suka wuce, dainaso ko ɗaya bai zo duniya ba tukuna. Su dainaso sai wajen shekara miliyan 230 da suka wuce suka bayyana. Mai gadin ya zuba zagaye na uku ya ce shi dai abin da ya sani, raƙumi ba ya son wucewa ta irin wuraren nan.

Na kwanta da tambayata ba a amsa ba. In kamanni ba hujja ba ne, da me ake gane dainaso?

Amsar tana gidan zu. Da hantsi muka tafi, wanda aka buɗe tun zamanin Gwamna Audu Bako. Ko tikiti ba mu gama karɓa ba ɗan yayana ya tsayar da mu a gaban wani jan gwada da ke gyaɗa kai a kan katanga. Ya ce mu dubi ƙafafunsa: daga gefen jiki suka fito, gwiwa a waje, ciki na shafar ƙasa, in zai gudu sai ya yi ta karkaɗa jiki hagu da dama. Ya sa auta ya kwanta ya gwada tafiya haka. Bai yi taku biyar ba ya zube yana haki, rigarsa ta yi buɗu-buɗu.

Sai wurin kadoji. Mun daɗe a tsaye, babu wanda ya motsa, har na fara cewa mu wuce. Can wani ya ga dama ya miƙe, ya ɗaga cikinsa sama da ƙasa, ya tattaro ƙafafu kusa da ƙarƙashin jiki ya taka zuwa ruwa. Rabi da rabi ke nan, in ji yaron. Kuma kada, duk da fatarsa, ya fi kusa da tsuntsu a kan ƙadangare. Zuciyarsa ɗaki huɗu gare ta kamar ta tsuntsu. Yana haɗiyar tsakuwa. Uwar tana gadin ƙwanta, 'ya'yan suna kuka tun suna cikin ƙwai kamar 'yan tsaki, in ta ji sai ta tone su ta kwashe a baki ta kai ruwa. Ban taɓa jin ƙadangaruwar gidanmu ta waiwayi ƙwan da ta binne ba.

Daga nan ya kai mu gaban jimina, ya ce, "Gwaggo, ga dainaso."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Na tsaya na dube ta da kyau. Ƙafafu a miƙe tsaye a ƙarƙashin jiki kamar ginshiƙai, tana taku a kan yatsu, ƙwaurinta da ɓawo-ɓawo irin na kada, ga ƙaton farce, ga idon nan da ke kallonka ta gefe ba ƙiftawa. Ya ce alamar gidan dainaso tana kwatangwalo: gurbin da kan ƙashin cinya yake shiga a huje yake, ƙashin cinyar kuma yana da kai da ya lanƙwaso ciki, shi ya ba su wannan tsayuwa. Tsuntsu yana da ita. Ƙashin nan mai reshe biyu da ke ƙirjin kaza, an same shi a manyan dainaso masu cin nama. A Jamus a 1861 aka tono wani mai gashin tsuntsu da haƙora da doguwar jela ta ƙashi, daga 1996 kuma aka yi ta tono masu gashi a ƙasar Sin.

Da na kasa riƙe sunayen, sai na mayar da abin lissafin dangi, wanda duk macen Bahaushiya ta iya. Gidan ƙadangare da maciji da guza da damo su suka fara raba gari tun da daɗewa. Na Goronyo ɗan wannan gida ne. A ɗaya gidan aka haifi wa da ƙane wajen shekara miliyan 250 baya. Zuriyar ɗaya ta ba da kada da su Sarcosuchus. Zuriyar ɗayan ta ba da dainaso, da kuma masu fiffiken fata da ake kira teroso, waɗanda fatar take shimfiɗe a kan yatsa guda da ya yi tsawo fiye da kima. Mafi girmansu da aka tono a Amurka a 1971 faɗin fikafikansa ya kai mita 10. Su 'yan ɗaki ɗaya ne da dainaso amma ba su ba ne, kuma ba su suka haifi tsuntsu ba. Da dutse mai faɗin kilomita 10 ya faɗo daga sama a gaɓar Meksiko shekara miliyan 66 da suka wuce, ya tafi da teroso da mosaso da duk manyan dainaso. Kada ya tsira, kunkuru da ƙadangare suka tsira, daga gidan dainaso kuma tsuntsaye kaɗai suka fita.

"To wa ya ce kakan ƙadangare?" in ji auta.

Laifin ba na masu fassara ba ne su kaɗai. Baturen Ingila Richard Owen da ya ƙirƙiro sunan a 1842, da kalmomin Girkanci ya haɗa shi, ma'anarsa ƙadangare mai ban tsoro. Mu muka ɗora masa kaka. A raina dai na so a ce kakan kaza muka ce, ko da yake na san ranar da na rubuta haka a allo sai iyayen yara sun zo ganin hedimasta.

A tasha washegari, ana ɗaure dilata a saman mota, ɗan yayana ya sake roƙona in bar masa dutsen ya kai wa malamansu. Na ce a'a, ya zo da su Sakkwato su gani. Sai ya yi tambayar da ta fi wannan nauyi: a wane kwazazzabo Baba ya tsince shi? Ya ce ƙashin da ba a san inda aka ɗauko shi ba kamar yaro ne da ya ɓata bai san sunan unguwarsu ba, kuma inda aka sami gaɓa ɗaya, sauran ba sa nisa. Ban sani ba. Yaya ma bai sani ba. Mutum ɗaya ta rage da za ta iya tunawa, ƙanwar Baba da ke Goronyo, wadda take kai masa fura wajen kiwo, yanzu ta haura tamanin kuma idonta ya tafi. Muka yi da shi zai zo biki da kwana biyu a gaba mu je mu same ta.

Na cusa dutsen tsakanin turamen atamfa, gaɓar mesar kuma auta ya riƙe a aljihu. A Funtuwa direba ya tsaya sallah, muka nufi wajen mai gasasshiyar kaza. Kafin in buɗe baki yaron ya riga ni.

"Malam, nawa cinyar dainaso?"

Mutumin ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Hajiya, wace unguwa ce haka?"